Rumbun Zafin Rana: Na Turai Da Namu



Cikin watan Janairu na je duba wani ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye. Ajin dare ne. Iskar hunturu tana kaɗawa, kowa ya ƙudundune cikin mayafi, alli ma da ƙyar yake riƙuwa a hannu. Da aka tashi, sai wani dattijo daga cikin ɗalibai ya tare ni ya ce: "Malam, ina da tambaya. Yau da azahar sai da na nemi inuwa. Yanzu ga ni ina rawar ɗari. Ku da kuka yi boko, ba ku da dabarar da za a ɗebi zafin rana a zuba a rumbu kamar hatsi, in dare ya yi a ɗebo?" Jama'a suka yi dariya. Na ce: "Baba, tambayarka ba abin dariya ba ce. Akwai masana da suka yi shekaru suna aiki a kanta." Na yi masa alkawarin zan ba shi amsa a rubuce, don ya karanta da kansa. Ga amsar, haɗe da ra'ayina.

Ra'ayina shi ne: lalle ana iya ajiye zafin rana. Masanan Turai sun samo wata dabara ta ajiye shi wata da watanni cikin abubuwa masu shan laima. Dabarar gaskiya ce, kuma ya kamata mu san ta. Amma don matsalarsu aka yi ta. Mu tamu matsala ta yini ɗaya ce, kuma maganinta yana hannunmu. Kada mu zauna jiran na'ura alhali gawayi yana yi mana ɓarna cikin ɗaki.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

A Maraɗi da Damagaram da Tawa, cikin Disamba da Janairu, zafin rana yakan kai digiri 30 da tsakar rana. Da asuba kuwa yakan sauka zuwa digiri 13 ko 15, wani daren ma ƙasa da 10. Ga iskar arewa maso gabas tana shiga ta kowace kafa. Babba mai ƙarfi yana jurewa. Jariri da tsoho da marar lafiya su ne ke shan wuya.

Abin da muka saba yi shi ne mu cika kasko da garwashi, mu shigar da shi ɗaki, mu rufe ƙofa, mu toshe taga. Nan haɗari yake. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga sosai, yana fitar da wata iskar guba da masana ke kira kabon monoksid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Mutum ya fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya, jikinsa ya mutu. In barci yake yi, yana iya zarcewa ke nan. Mutane da yawa suna zaton in gawayi ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, to babu sauran illa. Wannan kuskure ne babba. Jan garwashi marar hayaƙi ma yana fitar da gubar.

Na taɓa zuwa gaisuwa wani gida inda aka wayi gari an iske uwa da ƴaƴanta biyu a sume. Maƙwabciya ce ta buɗe ƙofa, Allah ya sa da sauran kwana. Mutanen gidan sun ce iskokai ne. Da na leƙa ɗakin, ga kasko nan a gindin gado. Bayan wannan akwai yaran da ke faɗawa cikin wuta, da gobarar da ke cinye ɗaki da rumbu, da itatuwan da ake sarewa don a yi gawayi. Duk wannan muna biyansa ne don neman ɗumi, alhali rana ta yini tana ba mu shi kyauta.

Sirrin yana cikin randa

Don mu gane dabarar masana, mu fara da abin da kowa ya sani. Me ya sa ruwan randa yake da sanyi? Domin randa tana tsattsafo. Ruwan da ya fito bayanta yana bushewa, ya bi iska. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi. Sai ya ɗebi zafin daga jikin randa ya tafi da shi. Haka gumi yake sanyaya jikin manomi. Zafin da ake magana ba kaɗan ba ne. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta bushe ƙaf, sai ta sha zafin da ya ninka sau 5 wanda zai kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa.

To, yanzu mu juya maganar. In ruwa ya fita yana tafiya da zafi, in ya dawo fa? Sai ya dawo da zafin. Duk lokacin da laimar iska ta shiga cikin busasshen abu ta zauna, takan saki zafin da ta ɗauko. Wannan ita ce dabarar duka. A sa rana ta busar da wani abu ƙayau. A rufe shi cikin mazubin da iska ba ta shiga. Ranar da ake son ɗumi, a buɗe, a bar iska mai laima ta ratsa shi. Zai sha laimar, iskar ta fito da ɗumi, a kai ta ɗaki. In ya ƙoshi, a sake busar da shi. Haka za a yi ta yi.

Abin sha'awa a nan shi ne, abin da aka rufe ba ya bukatar ya zauna da zafi. Yana iya hucewa sarai. Muddin laima ba ta same shi ba, ajiyar tana nan, ko da wata shida ne. Ruwan zafi kuwa, kome rufin da aka yi masa, yana hucewa. Ke nan abin da ake ajiyewa shi ne ƙishirwar abin. Ranar da ya sha, ranar zai biya da zafi.

Abubuwa masu shan laima

Mun san wasunsu. Gishiri yana jiƙewa da damina ba tare da an zuba masa ruwa ba. Wanda ya taɓa sayen sabon takalmi ko kwalbar magani ya ga wata ƴar jaka mai ƙananan ƙwayoyi a ciki. Silika ke nan, an sa ta ne ta tsotse laima. Matan ƙungiyoyi masu yin sabulu sun san in an zuba soda cikin ruwa, roba takan ɗau zafi har ba ta taɓuwa, ba tare da an hura wuta ba.

Wanda masana suka fi gwadawa shi ne wani dutse mai suna zeyolit. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya raɗa masa suna a 1756. Ma'anar sunan ita ce dutse mai tafasa, domin ya ga in an gasa shi yana fitar da tururi. Jikinsa cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ana samunsa cikin ƙasa, ana kuma ƙera shi a masana'anta. Mai kyau yana iya shan ruwan da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, kuma in ka taɓa shi ka ji shi a bushe.

Inda aka gwada

A birnin Munik na ƙasar Jamus, cikin shekarun 1990, an zuba kilo 7000 na zeyolit cikin wani babban mazubi a wata makaranta. Da dare ana busar da shi da zafin da ke zuwa ta bututun gari, da rana ya ɗumama azuzuwa. A can ba rana ce ta busar da shi ba, amma gwajin ya nuna dabarar tana aiki a babban gini.

A ƙasar Suwis, wata cibiyar bincike mai suna Empa ta yi aiki da ruwan soda, irin ta masu sabulu. Da bazararsu ana sa zafin rana ya ƙafe ruwan, soda ta yi kauri, a ajiye. Da sanyi a bar ta ta sha tururi, ta ba da zafi. A 2017 sun bayyana na'urar da suka gwada a ɗakin bincikensu.

A ƙasar Holan kuma, masanan jami'ar garin Eindhoven da na cibiyar TNO sun zaɓi wani gishiri da ake kira potas. Danginsa ne ke cikin ruwan tokar da matanmu ke tacewa. Shi ba ya bukatar zafi mai tsanani kafin ya bushe.

Duk wannan aiki ne na ilimi, ban raina shi ba. Amma mu tambayi kanmu: me ya tura su? A ƙasashen nan, lokacin sanyi yini gajere ne, gajimare ya rufe sama, rana ba ta da ƙarfi. Ranarsu mai ƙarfi tana zuwa ne a Yuni da Yuli, sanyinsu a Disamba da Janairu. Tilas su nemi rumbun da zai riƙe zafi wata shida.

Me ya sa ban ce mu jira shi ba?

Dalili na farko: mu ba mu da wannan tazara. Ranarmu tana fitowa cikin hunturu. Tsakanin zafin la'asar da sanyin asuba bai kai kwana ɗaya ba. Wanda zai ci hatsinsa gobe ba ya bukatar gina rumbun shekara.

Dalili na biyu: dabarar tana son laima, iskar hunturu kuwa busasshiya ce. Da rana laimarta takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, ƙafa ke yin faso. A irin wannan iska zeyolit ba zai sami abin sha sosai ba. Sai an ƙara wa iskar tururi, yin tururi kuma yana cin zafi, kamar yadda muka gani a randa. In an yayyafa masa ruwa kai tsaye yana ɗaukar zafi, amma abin da zai bayar bai kai na tururi ba.

Dalili na uku: yawa da tsada. Zafin da kilo ɗaya na gawayi ke bayarwa, sai an tara wajen kilo 30 na zeyolit kafin a same shi. Kuma shanya a tabarma ba ta busar da shi. Yana son zafin digiri 150 zuwa 200, wato sai da na'ura mai tara hasken rana. Ga mazubi marar yoyo, ga bututu, ga farfelar tura iska. Duk daga waje za a sayo, in ya lalace kuma babu mai gyara a kasuwar ƙauye.

Ina ƙara gargaɗi: kada wani ya karanta wannan ya je ya gwada da soda a gida. Soda tana cin fata, tana makantar da ido, in yaro ya sha tana ƙona maƙogwaro.

Rumbun da ke hannunmu

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙasa da dutse da ruwa duk suna riƙe zafi na wasu awoyi, kuma abin da muke bukata ke nan. Kakanninmu sun san haka. Dubi gadon ƙasa na mai jego: wuta ta mutu, gado yana nan da ɗumi. Iliminsu daidai ne. Wutar da hayaƙin su ne abin gudu. Ga abin da nake ba da shawara:

1. Mu daraja ginin ƙasa. Bango mai kaurin santimita 30 yana shan rana da yini, zafin ya ɗauki awa 8 zuwa 10 kafin ya ratsa zuwa ciki. Wato yana isowa daidai lokacin da ake bukatarsa. Kwano kuwa yana zafi nan da nan, yana hucewa nan da nan. Shi ya sa ɗakin kwano ya fi kowane zafi da rana, ya fi kowane sanyi da asuba. Wanda ke tsoron tsadar azara, akwai ginin da ba icce, mai rufin tubali, wanda aka fara koya wa magina a Cikal cikin ƙasar Filinge tun 1980.

2. Mu lura da inda rana take. Cikin hunturu rana tana karkata kudu, iska kuma tana zuwa daga arewa maso gabas. Mai sabon gini ya sa ƙofa ko taga ta dubi kudu. Kada a jingine kara ko zana a bangon kudu cikin sanyi, a bar shi ya sha rana. A buɗe ƙofa da hantsi, a rufe da la'asar tun ɗaki bai huce ba. A liƙe tsagar bangon arewa da na gabas.

3. Mai ɗakin kwano ya yi masa rufin ciki da tabarma ko zana, don ɗumi ya daina tserewa ta sama. Wanda ya yi haka, to wuta ba ta shiga ɗakin nan ko kaɗan.

4. Mu sa ruwa ya yi mana dako. In nauyinsu ɗaya, ruwa ya fi dutse riƙe zafi sau 4 zuwa 5. A sami bido mai lita 20, a shafa masa baƙin fenti, a cika, a ajiye a gindin bangon kudu inda iska ba ta bugunsa. Da la'asar a shigar da shi ɗaki, a lulluɓe shi tare da shimfiɗa. Kada a yi aiki da bidon da aka taɓa zuba wa fetur ko maganin ƙwari. Gaskiya, bido ɗaya ba zai mai da ɗaki kamar bazara ba. Amma yana ɗumama makwanci, da safe kuma ga ruwan alwala da na wanke yara wanda ba ya yankan hannu.

5. Kada a kwanta a kan daɓe tsirara. Ƙasa mai sanyi tana zuƙe ɗumin jiki. A sa ciyawa ko buhu ƙarƙashin tabarma.

6. Jariri, babu abin da ya fi masa jikin uwarsa. A ɗora shi a ƙirjinta, fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya sun fara yi wa bakwaini haka a 1978, yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da shi ko'ina. Hukumar ta kuma ce a jinkirta wankan farko har awa 24 bayan haihuwa. Kada a manna wa jariri kwalbar ruwan zafi ko dutse mai zafi, fatarsa ba ta jurewa. A ɗumama shimfiɗa, a cire abin, sannan a kwantar da shi.

7. In ba makawa sai an ji ɗumin wuta, a ji shi a tsakar gida. Kasko ba ya kwana a ɗaki. In aka iske wani ya jigata a ɗakin da aka kwana da gawayi, a buɗe ƙofa, a fitar da shi waje ya sha iska, a garzaya da shi gidan likita, ko da ya farfaɗo.

Wani zai ce: "Malam, sanyin wata biyu ne kawai. Mu zafi ne ya dame mu." Haka ne. Amma bango mai kauri da rufin ciki su ne kuma ke tare zafin bazara. Aiki ɗaya, amfani biyu. Wani kuma zai ce ɗakin kwano shi ne alamar samu, kuma ba ya son yaɓe kowace shekara. Wannan ma gaskiya ne, ban ce kowa ya kware kwanonsa ba. Na ce dai a san halinsa, a yi masa gyara.

Inda sabuwar dabara za ta iya amfanarmu

Ban rufe ƙofa ba. Akwai kwanakin da hazo ke rufe rana kwana biyu ko uku a jere. A irin kwanakin nan bango da bido ba sa samun abin ajiyewa sosai, kuma akwai wuraren da ba sa jure sanyi ko na dare ɗaya. Ɗakin haihuwa ana so kada ya gaza digiri 25. Ƴan tsaki a makonsu na farko suna son digiri 32 zuwa 35, shi ya sa masu kiwon kaji ke asara cikin hunturu. Waɗannan ƙananan wurare ne. A nan ajiyar da ba ta hucewa za ta iya yin rana, in an samo yadda za a ba ta laima da arha. Ga manomi kuma akwai wani amfani: a wasu ƙasashe ana zuba ƙwayoyin zeyolit tare da iri cikin mazubi rufaffe, su tsotse laimarsa, iri ya daɗe bai mutu ba.

Wa zai gwada mana? Ƴaƴanmu masu ilimi. Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a aikin rana. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabanci ma'aikatar binciken hasken rana ta ONERSOL daga 1969 zuwa 1985. A zamaninsa an ƙera murhun rana da na'urar ɗumama ruwa a Yamai. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma tana ɗauke da sunansa. Ina kira ga magadansa su gwada wannan dabara cikin iskarmu, da kayan da ake samu a nan, a ɗakin haihuwa ɗaya da akurki ɗaya. Su auna, su lissafa kuɗin, su gaya mana gaskiya da harshen da muke ji. In ta yi, mu karɓa. In ba ta yi ba, kada a sayar wa talaka abin da zai zama kayan ajiya a bayan ɗaki.

Amsa ga Baba

To Baba, ga amsarka. Rumbun zafin rana akwai shi. Na Turai yana riƙe zafi wata shida, amma yana da tsada, kuma yana son laimar da hunturunmu ba shi da ita. Namu yana riƙe shi dare ɗaya, kuma dare ɗaya muke nema, domin gobe in Allah ya kai mu rana za ta sake fitowa. Bangon ɗakinka rumbu ne. Bidon ruwanka rumbu ne.

Ina roƙon malaman azuzuwa su karanta wannan shafi tare da ɗalibai. Kowane aji ya gwada bido biyu, ɗaya baƙi ɗaya fari, a rana ɗaya. A taɓa su da magariba, a sake taɓawa da asuba, a rubuta abin da aka gani, a aiko mana. Wanda ya karanta kuma ya gaya wa wanda bai iya ba, tun ba maganar kasko ba. Daga daren yau, kada garwashi ya sake kwana ɗaki ɗaya da ƴaƴanmu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damina mai albarka. Amin.